BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Jawabin da tsohon Hedimasta ya gabatar a taron shekara-shekara, kan yadda za a kai kekuna wurin da doguwar tafiya za ta tashi

Mai girma Shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, wakilan rassanmu na Legas da Fatakwal da Abuja da Kaduna da Kano, iyayenmu mata, 'ya'yanmu matasa.

Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama, ko da yake mun san ba don mun fi kowa sani aka ba mu ba, sai don furfura da kuma shekarun da muka yi muna riƙe da alli. Abin da aka nemi mu yi magana a kansa shi ne shawarar da 'ya'yanmu matasa suka kawo, cewa a lokacin hunturu mai zuwa za su hau kekuna daga birnin Kano har zuwa garinmu, tafiyar kwana 3, domin a tara gudummawar sake rufin azuzuwan makarantar firamare da dukkanmu muka zauna a cikinta. Haƙiƙa wannan shawara ta faranta mana rai, kuma muna goyon bayanta ba tare da wani ja da baya ba.

Sai dai kuma, da aka ba mu takardar tsarin tafiyar, mun karanta ta sau biyu kamar yadda muka saba duba takardar jarrabawa. Mun ga hanyar da za a bi, da garuruwan da za a yada zango, da abincin da za a ci, da launin rigunan da za a sa, har da makaɗan da za su tarye su a bakin gari. Amma a kan yadda kekunan za su isa Kano daga birane biyar, kalmomi biyar kawai muka gani: "Kowa ya zo da kekensa." A kan waɗannan kalmomi biyar jawabinmu zai tsaya, domin mun taɓa ganin irinsu sun rushe tafiyar da aka yi wata uku ana shiri.

Abin da ya same mu

A farkon shekarunmu na koyarwa, bayan mun fito daga kwalejin horon malamai, an rarraba mu ƙauyuka daban-daban. A wancan zamani keke shi ne mutuncin ƙaramin malami. Da bashin keke ake sayensa, a riƙa cirewa daga albashi, kuma wanda ya mallaki Raleigh ko Phoenix kullum da yamma za ka same shi da tsumma yana goge shi. Mu 12 'yan aji ɗaya muka yi alkawari ta hanyar wasiƙu cewa idan an yi dogon hutu za mu haɗu a Kano, mu hau kekunanmu mu bi ta Kazaure da Daura, mu ƙetare iyaka a Kwangwalam, mu wuce Matamai har Damagaram, tafiyar da ta haura kilomita 200. Mun ware kwana 5 na zuwa da hutawa, mun tara kuɗin guzuri, har mun rubuta wa waɗanda za su sauke mu.

Waɗanda ke kusa da Kano suka tuƙo nasu. Mu 7 da ke nesa muka haɗa namu a tasha, muka ba wata gingimari mai ɗaukar hatsi, mu kuma muka shiga ƙaramar mota muka yi gaba. Ba mu tsaya mun ga lodi ba. Ashe yaran motar kwantar da kekunan suka yi ɗaya bisa ɗaya, suka ɗora buhunan masara a kai, suka ja igiya. Da aka sauke su a Kano, huɗu ƙafafunsu sun lanƙwashe, fedar wannan ta shige cikin wayoyin ƙafar wancan ta karya su, ɗaya kuma ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba ya karkace. Wani abokinmu kuma da ya aiko nasa shi kaɗai ta hannun wani direba, babu rasit, babu lambar mota, sai da muka yi yini guda muna zagaya tashoshi kafin muka same shi jingine a bayan rumfar mai shayi, an cire fitila da famfo.

Kwana 2 muka yi a gindin bishiyar mai gyaran keke, kuɗin guzuri ya tafi a gyara. Da muka tashi, iyakarmu Daura. Muka ziyarci rijiyar Kusugu, muka sha ruwa, muka juyo. Har yau da muke tsaye a gabanku ba mu shiga Damagaram a kan keke ba, kuma uku daga cikin abokan tafiyar sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ƙarfi muna da shi a lokacin, niyya ma muna da ita. Abin da ya kayar da mu ya faru ne a tasha, tun kafin mu taka feda ko sau ɗaya.

Yadda na nesa suke yi

Kada 'ya'yanmu su ɗauka wannan matsala ta mutanen da ne kawai. Duk inda ake doguwar tafiya a kan keke a duniya, ana ɗaukar kai kekuna wurin tashi a matsayin aiki mai zaman kansa. Bari mu kawo misalai uku.

A watan Janairun 2003 wasu mahaya 33 suka tashi daga gaban dalolin Giza da ke gefen birnin Alƙahira, suka nufi birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, tafiyar da ta haura kilomita 10,000, wadda ta ɗauke su kimanin wata 4. Wannan shi ne karon farko na tafiyar da ake kira Tour d'Afrique, wadda wani mutumin Kanada mai suna Henry Gold ya assasa. Mahayan irin wannan tafiya daga ƙasashe daban-daban suke fitowa, kuma kowanne sai ya kwance kekensa ya sa a kwali, ya biyo da shi ta jirgin sama. Suna isa ne kwanaki kafin ranar tashi, saboda wani lokaci mutum ya sauka kayansa ba su sauka ba, kuma ko sun sauka sai an sake haɗa keken an gwada shi. Mutumin da zai yi wata 4 a hanya bai raina waɗannan 'yan kwanaki na farko ba.

Misali na biyu shi ne gasar tseren keke ta ƙasar Faransa, wadda aka fara a 1903. Tun daga 1954, lokacin da aka buɗe ta a birnin Amstadam, akan fara ta jifa-jifa a wata ƙasa. A 2022 an fara ta ne a Kofanhagan, babban birnin Denmak, da mahaya 176 cikin ƙungiyoyi 22. Bayan kwana 3 ana tsere a Denmak, sai aka ware yini guda cur wanda babu tsere a cikinsa, don kawai a kwashe mutane da kaya zuwa arewacin Faransa. Mahayan suka bi jirgin sama, kekuna da kayan gyara suka bi hanya a manyan motoci, sannan aka ci gaba daga garin Dankak. Jama'a, idan masu dukiya da ƙwararrun makanikai sun ga wajibi ne su saka ranar jigila a cikin jadawalinsu, ina ga mu?

Misali na uku daga Birtaniya ne. Akwai sananniyar tafiya daga Land's End, a ƙarshen kudu maso yamma, zuwa John o' Groats a can arewacin Sikotilan, mil 874, wato kimanin kilomita 1,400. Jirgin ƙasa ba ya kaiwa Land's End, iyakarsa garin Penzance, sai mutum ya ƙarasa sauran kimanin kilomita 16 da kansa. Bugu da ƙari, gurbin keke a jiragen dogon zango na ƙasar kaɗan ne, sai an kama shi tun da wuri. Saboda haka ayari mai yawa ba ya shiga jirgi ɗaya, sai dai su rarrabu ko su ɗauki hayar mota. Idan sun isa ƙarshen tafiyar kuma, matsalar nan dai tana jiransu, domin sai an san yadda za a mai da kekunan gida.

Darasin da ke cikin misalan nan uku guda ne. An ware wa jigila lokacinta, an ware mata kuɗinta, kuma akwai wanda aka ɗora wa alhakinta.

Yadda ake shirya keke

Yanzu mu dawo kan namu. Yawancin kekunan da 'ya'yanmu suke hawa a birni ba irin namu na da ba ne. Namu yakan kai kilo 20, ƙarfe ne zalla, giya ɗaya, amma duk da haka buhun masara ya ga bayansa. Na yanzu masu giya da yawa ba su da nauyi, har akwai na tsere waɗanda dokar gasa ta duniya ta ce kada su gaza kilo 6.8. Irin waɗannan suna da juriya idan ana tafiya a kansu, amma ba sa jure a danne su ta gefe. Wurin da ya fi rauni shi ne ɗan ƙarfen da ke riƙe da abin canja giya a ƙafar baya. Da ya ɗan lanƙwashe, giya ta daina shiga daidai, wani lokaci ma abin ya faɗa cikin wayoyin ƙafa ana cikin gudu.

Don haka duk keken da zai yi doguwar hanya a mota ko jirgi, ya kamata a sa shi a kwali. Masu sayar da sababbin kekuna suna da kwalayen da kayansu suka zo ciki, a nema tun da wuri. A cire fedoji biyu, kuma a nan akwai abin lura: fedar hagu zarenta a juye yake, ana kwance ta ne ta ɓangaren da ake ɗaure sauran notuna. Mutane da yawa sun lalata zaren saboda rashin sanin wannan. Sifana mai lamba 15 ce take kama yawancin fedoji. A cire ƙafar gaba, a sa ɗan katako ko roba tsakanin ƙarafa biyun da ke riƙe da ita don kada su matse. A kwance kan keken a juya shi ya bi tsawon jiki. A sa alama da tef a daidai tsayin sirdi kafin a sauke shi, domin a mai da shi inda gwiwar mai shi ta saba. A naɗe abin canja giya da tsumma, ko a kwance shi a ɗaure a jikin keken. Ƙananan notuna da kusoshi a zuba su a leda ɗaya a ɗaure a jikin sirdi, domin noti ɗaya da ya ɓace yana iya zaunar da mutum. A ƙarshe a rubuta suna da reshe a kan kwalin da manyan baƙaƙe, ta fuska biyu.

Idan ba a sami kwali ba, to a tsayar da kekunan a tsaye cikin motar, kan wannan yana duban bayan wancan, a sa kwali ko tsohuwar katifa a tsakani, igiya ta bi ta gangar jiki, kada ta taɓa wayoyin ƙafa. Kada a kwantar, kada a ɗora komai a kai, kuma a rufe da tamfol saboda ƙurar hunturu, wadda idan ta haɗu da man sarƙa takan zama kamar yashi.

Akwai kuma batun kayan gyara. A gefen kowace taya akwai lamba da aka rubuta. Tsohon keke irin namu yana ɗauke da 635, na tsere da yawancin na zamani 622, na hawan duwatsu irin na da kuma 559. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, da mai 635 da mai 622 duka akan kira su inci 28, alhali tayar ɗaya ba ta shiga ɗaya. Haka bakin da ake hura iska iri uku ne, kuma ba kowane famfo ke kama kowanne ba. Mai facin da ke bakin hanya a ƙauye ya fi ajiye kayan tsohon keke. Saboda haka kowane mahayi ya sa tib 2 na girman tayarsa da famfon da ya dace a cikin kwalinsa, su yi tafiya tare da keken.

Hanyar da kowane reshe zai bi

Nisan rassanmu ba ɗaya ba ne, don haka shirinsu ba zai zama ɗaya ba. Daga Kaduna zuwa Kano kimanin kilomita 230 ne, akori-kura ɗaya ta ishe su. 'Yan Abuja suna iya haɗa nasu da na Kaduna. Wanda yake tunanin bin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya fara zuwa tasha ya ji ƙa'idarsu game da manyan kaya kafin ya yanki tikiti. Daga Legas kuwa tafiyar ta kai kimanin kilomita 1,000, kuma babbar mota mai kaya ba ta da tabbacin ranar isa. Mutanen Legas da Fatakwal su ne ya kamata su fara sallamar nasu.

Wanda zai biyo jirgin sama zuwa filin jirgi na Malam Aminu Kano, ya sani kowane kamfani da dokarsa kan nauyi da girman kaya. Ya tambaya kafin ya biya kuɗi, ya kuma auna kwalinsa a gida. Mai keke mai lantarki ya sani batirinsa ya wuce girman da dokokin sufurin sama suka yarda a ɗauka a jirgin fasinja, sai dai ya biyo hanya.

Shawarwarinmu ga kwamiti

Na farko, kowane reshe ya naɗa mutum ɗaya, a san sunansa, wanda kekunan reshen ke wuyansa daga ranar da aka tara su har ranar da aka miƙa su a Kano. Aikin da aka bar wa kowa, ba wanda yake yin sa.

Na biyu, a buɗe rajista. A rubuta sunan mai keke, da launinsa, da lambar da aka buga a jikinsa, wadda akan samu a ƙarƙashin inda fedoji suke haɗuwa. A ɗauki hotonsa a waya kafin a rufe kwali. Wanda ke da rasit na saye ya ba da kwafinsa, domin mota cike da kekuna za ta gamu da masu tambaya a shingayen hanya, kuma takardar ƙungiya mai hatimi tana rage dogon bayani.

Na uku, kada a saki kaya sai wakilin reshe ya tsaya a kan lodi da idonsa, ya karɓi rasit, ya rubuta lambar mota da ta wayar direba, an kuma yi magana a kan takamaiman wurin da za a sauke. Idan da hali, wani ya bi motar.

Na huɗu, a tsayar da cewa duk keke ya kasance a Kano kwana 3 kafin ranar tashi. Rana ta farko ta karɓa da ƙirgawa, ta biyu ta haɗawa da gyara, ta uku ta gwaji, kowa ya hau nasa ya yi kamar kilomita 20 ya ji birki da giya. 'Yan'uwanmu na reshen Kano su samar da ɗaki mai makulli, su kuma yi magana da mai gyaran da ya san keke mai giya tun yanzu.

Na biyar, a saka kuɗin jigila a cikin kasafi, zuwa da dawowa, kuma a fito da shi fili. Abin kunya ne a ce an tara gudummawar rufin aji, sannan a wayi gari kuɗin mota ya cinye rabinta. A tuna kuma kwalayen nan za a buƙace su ranar komawa, sai motar rakiya ta taho da su a ninke.

Na shida, shawara ce ga waɗanda suka fi nisa. Wanda ya lissafa ya ga kuɗin kai kekensa da dawo da shi ya kusa kuɗin wani keken, yana iya aiko da kuɗin a saya masa mai sauƙin farashi a Kano. Sharaɗin shi ne ya iso da wuri ya hau shi, a daidaita masa sirdi da kan keken, domin baƙon sirdi a tafiyar kwana 3 ba abin wasa ba ne. Idan an iso gida, sai ya bar keken ga ɗaya daga cikin yaranmu na ƙauyukan kewaye da ke takawa da ƙafa kullum zuwa makarantar sakandare. Ya huta da ɗawainiyar komawa da shi, yaro kuma ya daina makara.

Kammalawa

'Ya'yanmu matasa, kada ku ɗauki wannan jawabi a matsayin sanyaya gwiwa. Mun yi shekara 35 muna kallon yara suna faɗuwa jarrabawar da suka yi wa karatu, saboda sun zo babu alƙalami ko sun iso bayan an rufe ƙofa. Ba ma so mu ga irin wannan a kanku. Ranar tashi za a tara jama'a, za a gayyato manyan baƙi, iyayenku a gida za su kasa kunne. Idan aka ce mutum 30 za su tashi, to a ƙirga kekuna 30 a tsaye, kowanne da iska a tayarsa. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuma mun biya kuɗin koyon wannan magana a gindin bishiyar mai gyaran keke.

Muna roƙon Shugaban ƙungiya, kafin a tashi daga wannan taro, kowane reshe ya miƙa wa Sakatare sunan mutumin da zai riƙe kekunansa, a kuma tsayar da ranar ƙarshe ta isarsu Kano, a rubuta a littafin taro. Mu kuma in Allah ya kai mu da rai da lafiya, za ku same mu a bakin gari ranar isowarku, riƙe da rajistar nan, muna kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar yadda muka saba yi da safe a filin makaranta.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da kowa gidansa lafiya, ya ƙara haɗa kanmu.